Harbi Ɗaya Tak: Zangon Maharba a Bakin Kogin Haɗeja

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da maharbi yana ɗura adaka ya san cewa bindiga ce wadda ba ta son gaggawa. Kafin ta tashi sau ɗaya sai an auna mata albarushi, an tura tsumma, an daka, an zuba darma, an sake tura tsumma an daka, sannan a ɗora mata 'yar hular ƙarfen da ke kunna albarushi a ɗana kunama. Idan kuwa ta tashi, to duk wani mai ƙafa ko mai fiffike da ke wannan yanki ya ji, kuma babu wanda zai tsaya jiran a sake ɗura ta. Wannan hali nata shi ne ya tsara rayuwar mutanen da ke riƙe da ita, tun daga yadda suke taka ƙasa a daji har zuwa yadda suke raba nama, kuma shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai daga zaman da na yi da ayarin kawuna a bakin Kogin Haɗeja cikin hunturun da ya wuce.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, manomi da damina, maharbi da rani. Da na sauka gidansa na iske ba maganar daji ake yi ba tukuna, maganar maƙera ake yi, domin a cewarsa ba a fafe gora ranar tafiya. Muka ɗauki bindigarsa muka nufi rumfar wani dattijon maƙeri wanda shi ne ya ƙera ta tun Kawu yana saurayi. Mun same shi a gaban uwar maƙera, jikansa yana zuga, gawayin ƙirya ya yi ja. Da ya karɓi bindigar bai fara duba inda Kawu ya nuna masa ba. Sai ya tabbatar babu ɗuri a cikinta, ya ɗaga bututun ya leƙa ta wajen haske, ya bi shi da yatsa daga baki har gindi, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe yana saurare. Bayan haka ne ya kwance kunamar, ya fitar da ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ke ba ta ƙarfin sara, wanda ya yi sanyi saboda tsufa, ya mayar da shi wuta.

Kawu ya ce, "Baba, ko za a sake mata bututu ne gaba ɗaya?"

Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Wannan bututun zai binne ni, ya binne ka. Na sitiyarin babbar mota ne, ba na famfo ba. Ka dai riƙa wanke ta."

A nan ne na fahimci inda darajar adaka take. Ƙotar itace ce, galibi maɗaci, kowane gwanin sassaƙa zai iya fitar da ita, wasu ma har sukan yi mata ado da ƙusoshin farin ƙarfe da jar fata. Amma ran mai bindiga yana rataye ne a bututu. Maƙeran kirki sun daɗe suna neman sandar sitiyarin tsofaffin manyan motoci saboda kaurinta da rashin ɗinki a jikinta, alhali masu neman sauƙi sukan yi da bututun ruwa, wanda yake da ɗinki a tsawonsa kuma yana iya tsagewa a hannun mutum. Kusan kowane gari na maharba yana da wanda ya rasa yatsu ta wannan hanya. Shi ya sa dattijon ba ya miƙa wa kowa sabuwar bindiga sai ya kai ta bayan gari, ya yi mata ɗuri mai nauyi fiye da na kullum, ya ɗaure ta a jikin itace, ya ja kunamar da doguwar igiya daga bayan wani itacen. In ta jure wannan, ta cancanci kafaɗar mutum.

Sana'ar tasa tana da dogon asali. Mai Idris Alooma na Borno ya yi yaƙi da 'yan bindiga tun a ƙarshen ƙarni na 16, tarihin Kano kuma ya nuna cewa an shigo da bindigogi daga ƙasar Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, sannan Babba Zaki, da ya hau sarauta a 1768, ya kafa 'yan bindiga masu tsaron sarki. Dogayen bindigogi masu ƙyastu sun yi ta kwararowa daga bakin teku, inda Turawa, ciki har da na Danmak da ke da sansani a Ankara ta ƙasar Gana, suke musayar su da zinariya da bayi. Da ƙasashen Turai suka yi taro a Burasal a 1890, sai suka amince a hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, aka bar musu masu ƙyastu da albarushi na gama-gari. Ta haka wannan bindiga ta zauna a hannun talaka, maƙeranmu suka fara da gyara, suka ƙare da ƙera ta tun daga baki har ƙota. Mai ƙyastu, wadda ƙanƙara ke saran ƙarfe ta ba da tartsatsi, ta kusa ƙarewa yanzu, mai hula ta maye gurbinta. Sarkin Bakan ayarinmu, wato shugaban maharban, yana da guda ɗaya ta gado, amma ba ya fita da ita sai ranar hawan salla.

Mun tashi ne bayan an gama yankan shinkafa, ruwan ambaliya ya ja baya ya bar tafkuna nan da can. Kafin mu sauka fadama sai da muka biya ta ƙofar Bulaman ƙauyen da ke da wannan yanki. Sarkin Baka ya tuɓe takalmi ya durƙusa, muka bi sahu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙinka ne na bara suka dawo. Muna neman izinin sauka a gindin giyayyun nan na ƙetare."

Bulama ya tambayi yawanmu da yawan bindigoginmu, ya duba katin ƙungiyar maharba, sannan ya faɗa mana inda Fulani suka sauka da inda masu albasa da tattasai suke kwana a gonakinsu, ya kuma ja kunnenmu game da iyakar gandun Baturiya, inda doka ta hana farauta. Wannan gaisuwa ba al'ada ce kawai ta ladabi ba. Fadamar Haɗeja a wannan lokaci cike take da mutane, masunta da manoman rani da makiyaya da mata masu yankan kaba, kuma maharbin da bai san inda kowa yake ba bai kamata ya ɗana kunama ba.

Zangon yana kan ɗan tudu ne a lanƙwasar kogin, nesa da mashayar shanu, ƙarƙashin itatuwan giyayya waɗanda har yanzu ake ganin zanen ruwan damina a jikinsu sama da ƙugun mutum. Ba a ɗauki lokaci ba aka kafa bukkoki da kara da zana, aka share wurin salla, aka haɗa murhu. Abin da aka fi ba muhimmanci shi ne wurin ajiye bindigogi. An kafa sanduna biyu masu gwafa, aka gicciya ta uku, kowa ya cire hular bindigarsa ya jingine ta baki sama. Goran albarushi da ƙahonin da ake zuba shi aka rataye su a wani reshe can gefe, ta inda iska ba za ta kai musu tartsatsi ba. Akwai wani saurayi mai shan taba a cikinmu, Sarkin Baka ya nuna masa wani kututture a bakin ruwa ya ce, "Ɗana, can ne ɗakin shan tabarka har mu tashi." Ba a sake maimaita maganar ba.

Da asuba sanyin fadama ya sha bamban da na gari, domin yana tafe da laima. Raɓa kuwa ita ce babbar abokiyar gabar albarushi. Bayan mun idar da salla Kawu ya zauna ya yi ɗuri a gabana, a hasken 'yar tocila. Ya fara goge cikin bututun da busasshen tsumma, ya tsiyaya albarushi daga ƙaho zuwa wani ɗan ma'auni na kara, daga ma'aunin zuwa bakin bindiga. Bai taɓa tsiyayawa kai tsaye daga ƙahon ba, saboda in akwai sauran garwashi a ciki, ƙahon gaba ɗaya ne zai tashi a hannunsa. Ya dunƙule tsumma ya tura da sandar ɗuri, ya daka har sandar ta fara tsalle tana dawowa, alamar ɗurin ya zauna ke nan babu sarari a ƙarƙashinsa. Sai ya zuba ƙananan darma, ya rufe da wani tsumman. Daga nan ya bar sandar a ciki, ya jera yatsunsa a kan abin da ya yi saura a waje. Da yatsu maharba suke karanta nauyin ɗuri, kowa ya san yatsun bindigarsa, kuma da wannan awon ne mutum zai gane ko ya manta ya yi ɗuri biyu a kan juna. A duk tsawon aikin fuskarsa ba ta taɓa zuwa saitin bakin bindigar ba. Ya naɗe wajen kunamar da wani yankin fatar akuya, ya ce hula sai mun isa.

Muka bi gefen wata gonar shinkafa da aka yanke, ruwa yana kai mana idon sawu, wani wurin gwiwa. Kawu ya tsaya sau da yawa yana sakin ɗan ƙura daga yatsunsa don ya ga inda iska ta nufa. Muka sami wani cunkuson kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, muka tsuguna a ciki, gabas ta fara ja, hazo yana kwance a kan ruwan. Tsuntsayen da suka fara zuwa kirinjijiya ne, ana jin fitonsu tun kafin a gan su, suka yi shawagi suka sauka a tsakiyar tafkin. A idona sun yi kusa ƙwarai. Kawu bai ko motsa ba. Daga baya ya gaya mini cewa sun fi taku sittin, shi kuwa ba ya harbi sai abu ya shigo taku talatin zuwa arba'in, domin cikin bututun adaka sumul yake, darma tana bazuwa da zarar ta fita, kuma harbin nesa ba ya kashewa, sai dai ya karya fiffike tsuntsu ya je ya mutu a cikin ciyawa inda babu mai amfana da shi. Wasu ƙananan agwagin ruwa, irin waɗanda suke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a nan, suka wuce ta kanmu da gudu. Su ma ya bar su.

Rana ta ɗan ɗaga, ƙafafuna sun mutu da sanyi, sai ga dinya guda huɗu sun taso daga yamma, manya, baƙaƙe da farin ciki, suna kaɗa fiffike a hankali. Suka sauka a bakin gonar suka fara kiwon zubabbiyar shinkafa, suna matsowa kaɗan-kaɗan. Dinya tsuntsuwa ce mai wayo, kullum akwai ɗaya da kanta ke sama. Kawu ya zare fatar akuyar, ya ɗora hula da babban yatsa, ya ɗana kunama yana danne ta don kada ta yi ƙara. Ya jira har babban namijin ya ware daga sauran ya juyo da gefensa. Na ji ya ce bismillahi, Allahu akbar, a ƙasan maƙoshi. Ƙarar ba irin ta bindigar zamani ba ce mai kaifi, wata irin rugugi ce mai nauyi da mutum ke ji a ƙirjinsa, sai farin hayaƙi ya rufe gabanmu gaba ɗaya, warin farar wuta ya cika hanci. Tafkin duka ya tashi sama. Kafin hayaƙin ya washe Kawu ya riga ya ajiye bindiga a kan kacala ya kutsa ruwa da wuƙa a hannu. Ya iske namijin da sauran rai, ya fuskantar da shi alƙibla ya yanka.

Wannan ne harbinsa na safiyar, kuma bai sake wani ba sai la'asar. Game da yankan, maharban suna bin abin da malamai suka karantar, cewa a ambaci sunan Allah lokacin harbi, in an iske dabba da rai a yanka ta, in kuwa harbin ya riga ya kashe ta, malaman Malikiyya na baya sun halatta cin abin da darmar bindiga ta huda. Abin da na lura shi ne ba sa son dogara da wannan sauƙi, kowa yana ƙoƙarin ya isa da wuƙa.

Kafin azahar kowa ya dawo zango. Waɗanda suka bi tudu da karnuka sun zo da zabin daji da fakara da zomaye, wani ya samo gada. Wani kuma ya dawo da ɗurinsa yadda ya fita da shi, ya ce ya yi kiciɓis da gada mace a gindin geza, amma cikinta ya tsufa, sai ya sauke bindiga. Babu wanda ya yaba masa, babu wanda ya yi masa dariya, abin da aka saba ne. Kafin a taɓa abinci aka ɗora ruwa a wuta, duk wanda ya yi harbi ya wanke bututunsa da ruwan zafi har ruwan ya daina fitowa baƙi, ya busar, ya shafa mai, saboda tokar albarushi tana jan laima, kuma kwana ɗaya ya isa ta fara cin ƙarfe. Nama kuma a gaban Sarkin Baka aka tara shi. Wanda ya harba yana da kaso mafi girma da fata, amma akwai na Sarki, akwai na mai kare, akwai na yaron da ya tsare zango ya ɗebo itace, an kuma ware cinya ta Bulama. Wanda ya sauke bindiga saboda gada mai ciki ya sami rabonsa daidai da kowa. Abin da ba za a ci ba aka tsaga aka jera a kan ragar itace aka yi banda, masuntan da ke ƙasa da mu suka kawo tarwaɗa da karfasa aka yi musaya. Tuwon gero da miyar kuka da romon dinya muka ci a ranar.

Hirar dare ce ta fi nauyi. Sarkin Baka ya haura shekara saba'in, kuma yana iya nuna maka da sanda inda ya taɓa ganin kowace dabba. Ya ce a ƙuruciyarsa barewa garke-garke take fitowa kan tudun da ke bayanmu, kwanta-rafi yana cikin ciyawar bakin ruwa, gauraka kuwa kukanta ne ke tashin masu zango da asuba. A zamanmu duka ban ji kukan gauraka ko sau ɗaya ba, kuma wannan bai tsaya ga fadamar Haɗeja ba, tsuntsuwar ta kusa ɓacewa daga Nijeriya baki ɗaya, saboda kama ta da ake yi ana sayar wa masu kiwon ta a gida da kuma lalacewar wuraren da take ƙwai.

Na tambaye shi, "Ranka ya daɗe, mutane suna cewa ku maharba ne kuka ƙarar da daji."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Da hannunmu a ciki, ɗana. Amma ka je ka tambayi ruwa."

Na san abin da yake nufi. Wannan fadama rayuwarta ambaliya ce. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna malala su bazu a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe mai zuwa Tafkin Cadi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tsarin ya sauya. Ambaliyar damina ta ragu, sannan ruwan da ake saki da rani ya hana wasu magudanan bushewa kamar yadda suka saba. Kacala ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, musamman ta wajen magudanar Marma zuwa Nguru, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wani yankin ya nutse, wani ya bushe ƙurmus. A kan wannan aka ƙara yawan jama'a, da sare itatuwa don gawayi, da mayar da kowane tudu gona. Dabbar da ba ta da wurin ɓuya ba ta buƙatar maharbi kafin ta ƙare.

Duk da haka ba zan wanke masu farauta tas ba, su ma ba su wanke kansu ba. Akwai masu fita da dare da fitilar goshi, su haske idon dabba ta daskare a tsaye, su harbe ta ba tare da sun san mace ce ko namiji ba, ta wannan hanyar kuma ake harbin mutane bisa kuskure. Akwai masu cinna wa daji wuta saboda gafiya da zomo. Akwai waɗanda ba maharba ba ma, masu jiƙa hatsi da maganin ƙwari su watsa a bakin tafki, su kwashe tsuntsaye buhu-buhu su kai kasuwa mutane su ci. Ayarin Kawu ya haramta wa kansa dukkan waɗannan, kuma Sarkin Baka ya taɓa korar mutum daga zango saboda fitila. Ra'ayina, bayan abin da na gani da idona, shi ne adaka a hannun mai bin ƙa'ida tana cikin mafi sauƙin abubuwan da ke damun wannan daji. Mutumin da ke da harbi ɗaya, wanda sai ya yi rarrafe ya kai taku talatin, wanda raɓa kaɗai tana iya hana bindigarsa tashi, dole ne ya san iska da sawu da lokacin haihuwar kowace dabba, kuma dole ne ya bar mafi yawan abin da ya gani ya wuce. Irin wannan sani ba ya cikin kowane ofishi. An sanya tafkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya da Dagona suka bi a 2008, amma mutanen da za su iya gaya maka ko dinya ta ragu bana, da dalilin raguwarta, su ne waɗannan da ke kwana a gindin giyayya.

Akwai wani nauyin da ke kan maharba yanzu wanda iyayensu ba su sani ba. Da dare ya yi nisa hira ta gangaro kan Uromi ta Jihar Edo, inda a ƙarshen watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Kano da ke dawowa daga Fatakwal don yin salla a gida, aka ga bindigoginsu na gargajiya, aka kira su masu satar mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Zangon ya yi tsit na ɗan lokaci. Irin waɗannan maharba ne suka tsaya da adaka da kwari da baka suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014, kuma har gobe su ake kira in an sace shanu ko an ɗauke mutum, saboda su suka san daji. Gaskiya ne cewa ɓarayin daji sun sa kowa yana tsoron mai bindiga, kuma tsoron yana da dalili. Amma dokar makamai ta 1959 da kanta ta ware bindigar da ake ɗurawa ta baki a wani rukuni dabam da sauran, ta kuma tanadi hanyar ba da izinin riƙe ta da na ƙera ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aiwatarwa ta yadda talaka zai iya bi: rajista mai sauƙi a ƙaramar hukuma, lamba a jikin kowace bindiga da sunan maƙerin da ya yi ta, da takarda guda wadda jami'in tsaro a kowace jiha zai gane ya kuma girmama.

Wasu ƙasashen sun mayar da irin wannan bindiga abin alfahari. A Jihar Pensilbaniya ta Amurka, inda maƙera 'yan asalin Jamus suka shahara da ƙera dogayen bindigogi masu ƙyastu tun ƙarni na 18, hukuma ta ware wa masu irin wannan bindiga lokacin farautar barewarsu na musamman bayan Kirsimeti tun daga 1974, kuma har yau akwai masu ƙera ta da hannu suna sayarwa da tsada. Tasu tana da zane a murɗe cikin bututu wanda ke sa harsashi ya yi nisa ya kuma tafi saiti, tamu ba ta da shi, amma ɗurin iri ɗaya ne, haƙurin da take nema ma haka. Mu ma muna da dokar namun daji ta Arewa tun 1963. Da za a zauna da sarakunan baka a sabunta ta, a tsayar da watannin da ba a harbi, a bar wa masu adaka nasu lokaci da nasu yanki, a sa su cikin masu tsaron gandu, da an sami masu gadin da ba sai an koya musu hanya ba. Jikan maƙerin nan mai zuga ma da ya sami dalilin tsayawa ya gaji kakansa a fili, maimakon sana'ar ta koma ɓoye inda babu mai gwada bututu a jikin itace.

Ranar da za mu tashi, Sarkin Baka ya sa duk mai sauran ɗuri ya je ya juye shi a jikin gaɓar kogi, ɗaya bayan ɗaya, domin ba a shiga kwalekwale ko gari da bindiga a ɗure. Aka wanke bututu, aka kashe wuta da ruwa aka bi ta da ƙasa, aka ɗaure banda a buhuna. Da muka koma ƙofar Bulama aka miƙa masa cinyarsa, Sarkin Baka ya ba shi labarin abin da muka gani: wata sabuwar toshewar kacala a magudanar da ke ƙasa da zango, da sawun wasu masu saran itace da suka shigo da amalanke ta arewa. Sannan ya shaida masa cewa zabin tudun nan sun yi ƙaranci bana, saboda haka baɗi ayarinsa ba zai sauka a gindin giyayyun ba, za su gangara gabas su bar wurin ya huta shekara biyu, kuma yana roƙon Bulama ya faɗa wa duk wani ayarin da ya zo neman izini haka nan. Bulama ya ce zai faɗa, ya kuma ce a sanar da Sarkin Bakan ƙetaren kogi tun kafin kaka.